Ɓawon Faru, Tafi Ɗaya

Ganyen marke ne ya kai Konimba Tarawele kurmi da hantsin nan. Ruwan rinin da ke tukunya ya salance, ga saƙi ashirin na jiran a tsoma. Ta cika kwando, ta ɗora a ka, ta biyo ta bakin rafi don ya fi kusa da gida. A nan ta ɗaga ido, ƙafarta ta ƙi gaba.

An yi yayyafi sau biyu, duk farun da ke kurmin ya yi sabon ganye, 'ya'ya har sun fara ja. Ban da na gabanta. Ta ƙirga da leɓe. Bakwai. Bakwai a tsaye tsirara, ɗan tohon da suka yi ƙoƙarin fitarwa ya yanƙwane tun bai buɗe ba. Har da babbar cikinsu, wadda mata ke ce wa Kaka, wadda ƙato ma da ƙyar yake haɗa hannu in ya rungume ta.

"Na shiga uku ni Konimba," ta ce a hankali. Kwandon ya zame, ganye ya watse, ko kallonsa ba ta yi ba.

Kurmin nan aro ne a hannun matan ƙauyen Nyenebugu. Mahaifiyarta ce ta durƙusa ta roƙe shi wurin mai ƙasa tun Konimba na goye, saboda duk abin da bogolan, zanen da suke yi wa ado da laka, ke ci a nan yake: marke mai rina saƙi rawaya ya kuma sa baƙar laka ta kama, da ɓawon faru mai ba da ja. Mai ƙasa ya bayar, da sharaɗi guda. Ranar da itace ya mutu a bakin wuƙar mace, kurmi ya koma hannun maza. Maza kuwa shekara da shekaru suna wucewa suna leƙen baƙar ƙasar nan, suna haɗiyar yawu, suna hango audugar da za ta yi.

Shi ya sa ɗiban ɓawo yake da doka. Faɗin tafin hannunki ɗaya za ki ɓare, ki rufe ciwon da laka daga randarki, ita ce ladan itacen. Itacen da aka gani da laka a jiki kuwa, ba mai kai masa wuƙa sai ya sha damina uku.

Ta tattare zani, ta zuba a guje.

A farfajiyar ƙungiyarsu ta masu rini mata goma sha ɗaya na sunkuye, kowace da ƙwaryar laka da ɗan ƙarfen zane. Jajayen zannuwa a shanye har bakin danga. Tun bayan girbi suke kan wannan aiki. Lasina Dumbiya, dillalinsu na birnin Segu, shi ya kawo shi: wani kamfanin tufafi a Turai na son zane ɗari uku, duka ja, kowanne za a rataya masa 'yar takarda mai hoton itace, wai kaya ne da ba su cuci ƙasa ba. Konimba ce shugaba, ita ta amsa. Saura sittin, Lasina kuma zai zo jibi.

"Yaya, lafiya? Ina ganyen?" in ji Sitan, wadda ta fi kowa saurin hannu, ta kuma fi kowa saurin baki.

"Faru bakwai sun bushe. Har Kaka."

Konimba ta zaci za a ɗauki salati a rufe ta da tambaya. Ko ɗaya ba ta ce waɗanne ba. Tsohuwa Tenen ta sunkuyar da kai tana goge ƙarfenta da ya riga ya yi fes.

Sitan ce ta fara farfaɗowa. "Cekura ne."

"Cekura?"

"To wa? Ba haka masu gawayi ke yi ba? Su kewaye itace da gatari, su bar shi ya bushe a tsaye, in ma'aikatan daji sun zo su ce ai matacce suka tarar. Ni da idona na gan shi bayan kurmi ran kasuwar garin San, gatari a kafaɗa."

"Ni ma na gan shi," wata ta cafe da sauri.

"Wallahi ni ma."

Konimba ta rungumi maganar hannu biyu. In gatarin namiji ne, sharaɗi bai karye ba. Ba ta tsaya tambayar kanta dalilin da ya sa ta yi saurin yarda ba. Abu ɗaya ta sani: dole ta riga kowa isa wurin mai ƙasa.

Mai ƙasa, tsoho Ngolo Kulibali, na zaune a rumfar ƙofar gidansa yana murza igiyar rama a cinya. Ta cire takalmi ta durƙusa.

"Kulibali."

"Tarawele. Wa ya biyo ki?"

Ta zayyana masa. Hannunsa bai tsaya ba har ta kai aya.

"Kin ga saran gatarin a jikin itacen?"

"An gan shi da gatari, Baba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba." Ya tofa yawu a tafi ya ci gaba da murza. "Cekura Jara ne, ke kuwa Tarawele, abokan wasan juna. Tun kakanni, zagi da tsokana ne kawai tsakaninku, ba a taɓa jin cuta ba. Kin san nauyin abin da kika ɗauko?"

"Na sani, Baba."

"To. Gobe da hantsi kowa ya hallara a gindin itatuwan. In shi ne, ƙafarsa ba ta sake taka dajin garin nan, kuma ni da kaina zan miƙa shi ga ma'aikatan daji. In kuwa ba shi ba ne, kin san sauran." Ya ɗaga igiyar ya ja ta da ƙarfi ya ga ko za ta tsinke. "Tashi ki je."

Bayan azahar tana tsakar gida ta sa tuwo a gaba ta kasa kai loma, sai ta ji murya tun daga zaure.

"Ina baiwata? Ina uwar masu cin wake? An ce yau kin kai ƙarar ubangidanki!"

Cekura Jara ya shigo, gajere, baƙin gawayi har cikin gira. Bakinsa na dariya kamar kullum, idonsa kuwa ja wur.

"Fita min daga gida, Jara, kada ka shafa wa bangona baƙi."

"Wannan bangon? Ai in na jingina da shi ma daraja na ƙara masa. Rufe tuwon nan ki taso."

"In je ina?"

"Ki ga ɓarnar da na yi mana. Mai ƙara ai ya kamata ta san abin da za ta faɗa gobe."

Ba ta so tashi ba. Amma Jara in ya kira Tarawele, ko a kan gadon ciwo take sai ta amsa. Ta ja mayafi ta bi bayansa. Yana tafe yana sababi, ko waiwaye ba ya yi.

"Faru! Ni Cekura, shekara talatin ina ƙona kirya, a ce na rasa abin kashewa sai faru? Gawayin faru ko shayi ba ya tafasawa. Tartsatsi biyu sai toka, kamar alkawarin Tarawele. Da ma cewa kika yi na saci akuya, da na ji daɗi, an san na iya zaɓe."

A gindin Kaka ya tsaya. Laka ta lulluɓe jikinta daga gwiwar mutum zuwa ƙirji, ta bushe ta yi toka-toka, launin ɓawon sak, sai ka matso za ka bambance. Ya ɗauki dutse mai kaifi ya fara kankara.

Laka ta zube. Farin itace ya bayyana, ba ɓawo, faɗin tafi ɗaya, gefensa a miƙe kamar an ja da zare.

"Gatari ne wannan, baiwata?"

Ya matsa dama ya kankare. Wani tafin, manne da na farko. Ya ƙara matsawa. Wani. Yana kankara yana kewayawa, ita kuma tana binsa kamar an ɗaura mata igiya a wuya, har suka dawo inda suka fara. Tafi goma sha biyar. Tsakaninsu babu ɓawon da ya kai faɗin ɗan yatsa.

Cekura ya tsuguna yana tsintar ɓarɓashin lakar, yana karyawa yana duba ciki. "Ni ban san rini ba, amma na san ƙasa. Wannan mai ja-ja ta kududdufin bayan makaranta ce."

Ta Sitan. Kowa ya san inda take ɗiba.

"Wannan da ƙaiƙayi a ciki."

Ta Tenen.

Ya ɗago wani ɓalli ya karya. Cikinsa baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, irin lakar bakin kogin Bani da ta shekara a randa. Mace ɗaya ce a Nyenebugu ke shan wahalar zuwa har Bani ɗibar laka. Bai kira suna ba. Ya dai nuna mata wurin da ya ɓallo ta, da yadda ta hau kan lakar dama ta kuma hau kan ta hagu. Ita aka shafa ƙarshe.

Konimba ta dafa itacen. Ranar ta dawo mata tar. Tsakiyar rani ne, ja ya ƙare a tukunya, Lasina na ta bugo waya. Ta kewaye kurmi kaf, duk farun da ta duba da laka a jikinsa. Ta zo wurin Kaka ta ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa har ta ji inda ke da rai, ta ce mata yi haƙuri, tafi ɗaya ne, ba zai yi miki komai ba. Ta ɓare, ta shafe, ta waiga ko'ina, ta gudu. Ba ta kewaya ta ƙwanƙwasa ɗaya gefen ba. Ba ta so ta ji.

"Sauran shidan ma haka suke," in ji Cekura. "Na duba kafin in zo."

"Za ka faɗa gobe."

"Ni? Jara ba ya yi wa Tarawele tsirara a gaban jama'a, ko ta cancanta. Zan rantse ban yi ba, iyakarta ke nan. Sai dai wa zai yarda da mai gawayi a kan maganar itace?" Ya karkaɗe hannu ya miƙe. "Baki tara ke ci a hannuna, Konimba."

Tun suna yara, yau ne ta fara jin sunanta a bakinsa ba zagi a gaba ba zagi a baya. Ya juya ya tafi.

Da la'asar ta shiga farfajiyar ƙungiya, ta kwance bakin mayafi, ta zazzage ɓarɓashin laka a kan tabarma.

"Kowa ta zo ta ɗauki tata."

Ba wadda ta motsa. Can sai Tenen ta fashe da kuka. "Sau biyu na je. Na ce babba ce, za ta jure. Ban san wata ta riga ni ba, na rantse ban sani ba."

"Ni sau ɗaya."

"Ni a ƙananan na ɗiba, ban taɓa Kaka ba."

"Sau shida, in gaskiya kike so," in ji Sitan, ta ajiye ƙwarya ta miƙe. "Kuma ba na jin kunya. Wannan baƙar mai shuɗi fa, Yaya? Aljani ne ya ara a randarki?"

"Tawa ce."

"Madalla. To wa ya amsa ɗari uku? Da can ja nawa muke yi a shekara? Talatin, in ta yi albarka arba'in. Kika dawo daga Segu baki har kunne, wai Turawa sun san da mu. Kin ƙirga farun kurmin kafin ki ce to? Ko kin zaci ja daga sama zai zubo?"

Gaskiyar Sitan ce, Konimba ta sani. Ba ta ƙirga ba. Zannuwan ta ƙirga, da hannayen da za su zana.

Sitan ta matso, ta sassauta murya. "Ji nan. Cekura namiji ne. A kore shi nan, gobe yana dajin wani gari da gatarinsa. Mu fa? In kurmi ya tafi ba faru kaɗai ya tafi ba, har marke. Ko baƙi ba za mu ƙara yi ba. Mu goma sha biyu, da 'ya'yanmu, da waɗanda za mu koya wa. Kina so ki ga auduga da feshin magani a wurin da uwarki ta sa gwiwa a ƙasa ta roƙa?"

"Sharri za mu yi masa, Sitan."

"Ai kin riga kin yi. Da ƙafarki kika je, ba wadda ta ɗauke ki. Abin da ya rage kawai ki kama bakinki."

"Cekura ya kankare lakar Kaka. Kowa zai gani."

"Bar min wannan."

Idanu goma sha ɗaya biyu-biyu na kanta. Konimba ba ta ce to ba. Ba ta kuma ce a'a ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta bar lakar a kan tabarma.

Washegari tun hantsi bai yi zafi ba kurmi ya cika. Maza a gefe guda, wasu har da sandunan korar shanu a hannu kamar daga nan gona za su wuce. Mata a ɗaya gefen. An shimfiɗa wa tsoho Ngolo buzu a inuwar wata kaɗanya. Konimba ce ta zo ƙarshe, ta kutsa gaba, ta duba.

Kaka ta koma yadda take. An sake lulluɓe ta da laka, an watsa busasshiyar ƙasa a kai. A can ƙasa kuwa, dab da saiwa, ga zoben saran gatari ya kewaye ta, an murtsuke shi da toka don ya tsufa. Sauran shidan ma kowanne da zobensa. Ta waiga. Sitan na tsaye, hannu a ƙirji, ta ɓoye tafinta a hammata.

"To ga shi nan," wata ta ɗaga murya daga cikin mata. "Makaho ma ya shafa ya ji."

Maza suka yi gunaguni. Ba abin da suka zo gani ke nan ba.

Cekura ya daɗe yana kallon saran. Ya ɗago ya dubi Konimba, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kai, Tarawele. Ko sharri ba ku iya da kyau ba. Wannan sara ne ko cizon jaki?"

"Jara," in ji Ngolo, "ba wasa ya tara mu ba. Kai ka yi?"

"Na rantse da kabarin ubana, Baba, ban yi ba."

"To wa ya yi?"

"Ban ga mai yi da idona ba."

"Ka shiga kurmin nan da gatari?"

"Na bi ta bayansa. Hanyar kiryata ce."

"Kun ji ko!" in ji Sitan. "Ya amsa da bakinsa."

Tsohon ya sa aka kama shi ya miƙe. Ya dogara sanda har gindin Kaka, ya sunkuya da ƙyar, ya tsinci wani ɗan ɓarin itace a cikin ciyawa, ya kai hanci, ya jefar. Ya koma buzunsa ya zauna.

"Tarawele, ke kika kawo ƙara. Kina kan maganarki ta jiya? In kin ce i, na gama."

Wata ta damƙi zanin Konimba ta baya. Tenen na gefenta tana raɗa, "Don Allah, 'yata, don Allah." Ba ta faɗi abin da take roƙo ba. Kalma ɗaya ce. In ta faɗe ta, gobe ma za su zo yankan marke, baɗi ma, jikokinsu ma. Ta dubi farun da suka rage da koren ganyensu, sun fi hamsin. Ta dubi Cekura. Ya cire hula yana murzawa a hannu, furfura ta bayyana a kansa fari tas a kan baƙin gawayi.

"Faɗi mana, baiwata," ya ce. "Rana na yi."

Ta fizge zaninta daga hannun mai riƙo. Taku bakwai ne tsakaninta da Kaka. Ta kafa yatsu a cikin lakar, suka nutse, don cikinta ɗanye ne sharaf. Ta yaɓo ta zubar, ta sake yaɓowa, da hannu biyu, tana kewayawa, har farin itace ya fito gaba da baya kowa na gani. Sannan ta nemi wurinta ta ɗora tafi a kai. Ya zauna daidai.

"Wuƙa ce, Baba. Wannan tawa ce, kuma ita ce ta ƙarshe. Saran ƙasan nan na yau ne. Cekura bai taɓa su ba."

Maza suka kaure da sowa. Wani matashi har da tsalle. A gefen mata wata ta kurma ihu kamar an aiko da mutuwa.

"Allah ya isa, Konimba!" in ji Sitan. "Allah ya isa tsakaninmu da ke!"

Ngolo ya ɗaga sanda, aka yi shiru. "Sauran tafukan ba zan tambayi masu su ba. Mai saran asuba ma ba zan tambaya ba, ta ji da hannunta." Ya numfasa. "Sharaɗin nan ba ni na ɗaura ba, ubana ne, ina tsaye a bayansa ranar. Ba ni da ikon kwancewa."

Tenen ta zube a gabansa, ta cire ɗankwali. "Kulibali, tare muka yi ƙuruciya. Ka rufe mana shi shekara biyar, shekara goma, mu ajiye wuƙaƙe a ɗakinka. Kada ka ba garma."

"Tenen, da ɗaya ne da na kau da kai. Bakwai ne. In na kwance wannan, gobe wace magana tawa za ta ɗauru a garin nan?" Bai dube ta ba da yake faɗa. "Kurmi ya koma. A bar kaɗanya da ɗorawa kamar yadda aka saba. Abin da ya faɗi ƙasa, mai so ya ɗauka. Ke kuma Tarawele, farar kaza da goro goma gidan Jara kafin rana ta faɗi."

Aka watse. Mata suka wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dube ta. Cekura ne kaɗai ya tsaya. Ya mayar da hula, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kazar ta zama mai ƙiba," ya ce. "Na san halinku." Ya kaɗa kai ya bi hanyar kiryarsa.

Maza ba su jira ko kwana ɗaya ba, don ruwa na gab da sauka sosai. Kafin Lasina Dumbiya ya iso washegari da rana, tun daga farfajiyar ƙungiya ana jin gatura, da ƙarar faɗuwar itace, da ihun samari bayan kowace faɗuwa. Konimba ce a farfajiyar, sai Tenen a rakuɓe jikin danga. Ya kashe babur, ya cire tabarau, ya ware hannu.

"Shugaba! Tarawele! Ina sauran sarauniyoyin? Yau ba guɗa?"

"Zauna, Dumbiya. Sittin ɗin nan ba za su samu ba. Babu ja."

Dariyarsa ta ɗauke. "Kamar yaya babu ja? Hajiya, mutanen nan ba sa karɓar kaya da giɓi. Takardun ma an riga an buga, ɗari uku cif, ga su a jakata. Me ya faru?"

Ta buɗe baki za ta fara ke nan, sai ƙyauren danga ya buɗe. Sitan ta shigo, tsumma ɗaure a tafukanta biyu, da dami a ka wanda ya fi ƙarfin wuyanta. Ta jefar a tsakiyar farfajiya, ƙura ta tashi. Ɓawon faru ne, ɗanye, dogo-dogo kamar tsayin mutum, jan ruwa na tsatsa a jikinsa. Ta bayanta wata ta shigo da nata damin, da wata, da wata. Kafin ka ce me, tari ya kai ƙugu. Ƙamshinsa ya cika wurin. A shekara goma ba su taɓa tara rabin wannan ba.

"Wa ya ce babu ja?" in ji Sitan. Lasina take wa magana, ko gefen da Konimba take ba ta kalla ba. "Ba mu mako biyu, Dumbiya. Akwai wani a can, sai mun gaji da kwasa."

Lasina ya ɗauki ɓalli ɗaya ya shinshina, fuskarsa ta washe. "Kai! Wannan shi ne na ainihi. Shugaba, ashe tsokanata kike, har gabana ya faɗi." Ya zaro waya yana ɗaukar hoton tarin ta nan ta can. "Bari in tura musu su gani da idonsu. Af, na manta ban gaya muku ba. Sun ji daɗin na farko ƙwarai. Baɗi ɗari biyar suke so."

Daga kurmi aka ji wani ya sake faɗuwa, ƙasa ta ɗan girgiza.

Tenen ta taso a hankali, ta tsaya kusa da Konimba. "In aka bar shi a rana zai bushe ya lalace," ta ce. "A hura wuta?"

Konimba ta daɗe tana kallon tarin.

"Hura," ta ce, ta sunkuya ta jawo babbar tukunya.